Murar tsuntsaye za ta iya zama annobar mutane? Amsa ga wata mai kiwon kaji a Tawa

Wata Hajiya mai kiwon kaji da zabi a cikin gidanta a Tawa ta aiko da tambaya. Ta ce a sanyin bana kajin maƙwabtanta sun yi ta mutuwa cikin ƴan kwanaki, ga shi kuma ta ji a rediyo cewa murar tsuntsaye ta shiga shanu a Amurka har ta kama mutane. Tana son ta san ko cutar za ta iya kama jikokinta da ke wasa a bakin akurki, ko ya kamata ta daina cin ƙwai da naman kaza, kuma ko wata annoba ce irin korona ke tafe.

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika yi tambayar tun kajinki na da rai, domin mu likitocin dabbobi galibi sai akurki ya zama fayau ake kiranmu. Amsar a taƙaice ita ce: e, cutar tana kama mutum, amma da ƙyar, kuma kusan duk wanda ta taɓa kamawa ya yi mu'amala ta kusa da tsuntsu ko dabba mara lafiya. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum yadda murar da muka saba da ita ke yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hatsarinta ga jama'ar gari kaɗan ne, amma ga masu kiwo da masu yanka da masu fiɗa ya ɗara haka, kuma ke da jikokinki kuna cikin kashi na biyun duk ranar da kaza ta kwanta ciwo a gidan.

Ƙwayar cutar da ke kawo mura mai tsanani gida guda ce mai rassa da yawa, kuma asalin mazauninta shi ne tsuntsayen ruwa, wato agwagin daji da dinya da danginsu, waɗanda sau da yawa suke ɗauke da ita a hanjinsu suna kashinta a tafki ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. Haruffan nan H da N da kike ji a rediyo suna nufin sunadarai biyu da ke jikin ɓawon ƙwayar. A tsuntsaye an san H iri 16 da N iri 9, yadda suka haɗu kuma shi ke ba kowane reshe sunansa. Waɗanda ke yawo tsakanin mutane kowace shekara su ne H1N1 da H3N2, jikinmu ya san su, shi ya sa yawancinmu muke warkewa bayan ƴan kwanaki. Wadda ke karkashe kaji kuwa ita ce H5N1, kuma jikin ɗan Adam bai saba da ita ba. Nan ne tsoron masana yake: idan reshen da babu wanda ke da garkuwarsa ya sami hanyar tsallakawa daga hancin wani zuwa hancin wani, to babu abin da zai tare shi.

An fara gano wannan H5N1 a jikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka kashe kaji fiye da miliyan guda cikin ƴan kwanaki, cutar ta lafa. Ta sake ɓullowa a 2003, kuma daga wannan shekara zuwa yau an tabbatar da ita a jikin mutum sama da 900 a duniya, kusan rabinsu ba su tashi ba. Wannan lissafi yana da ban tsoro, amma yana buƙatar a karanta shi da hankali. Mutum ɗari tara cikin shekara ashirin da wani abu, alhali kaji ɗaruruwan miliyoyi sun mutu a hannun mutane, yana nuna cewa kamuwar ba ta da sauƙi. Sannan wanda ciwo ya kai shi gadon asibiti shi ake yi wa gwaji, wanda ya yi ɗan zazzaɓi ya warke a gida ba ya shiga lissafi, saboda haka mai yiwuwa ainihin kason masu mutuwa bai kai rabi ba. Duk da haka, ko da kason ya ragu ninki goma, cuta ce mai muni ƙwarai.

Cutar ta shigo Afirka ne ta ƙofar da ke kusa da mu. A farkon watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, cikin jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a agwagin gida a Magariya ta jihar Damagaram, Nijar ta zama ƙasa ta uku a nahiyar bayan Najeriya da Masar. Ta sake dawo mana a 2015, an gan ta a Yamai a 2021, a farkon 2023 kuma aka ba da sanarwar cewa ta karkashe dubban kaji a wani ƙauye na jihar Tawa. A Najeriya ta kashe wata budurwa mai shekara 22 a Legas a watan Janairu na 2007. Amma ƙasar da ya kamata mu fi nazarin labarinta ita ce Masar, inda ta kama mutum sama da 350, ta kashe kimanin 120. Da yawa daga cikinsu mata ne da ƙananan yara na gidajen da ake kiwon kaji da agwagi a tsakar gida ko a kan soro, irin kiwon da kike yi, ba ma'aikatan manyan gonaki ba.

Dalilin da ya sa ba ta yaɗuwa tsakaninmu yana cikin yadda take kama jiki. Kafin ƙwayar ta shiga cikin tsoka sai ta maƙale wa wani irin sinadari da ke saman ƙwayoyin halittar jiki, kuma irin da ta tsuntsaye ke nema ya cika hanji da maƙogwaron tsuntsu, amma a jikin mutum ba shi da yawa a hanci da maƙogwaro, sai can cikin ƙuryar huhu da kuma fatar ido. Ga kuma batun zafin jiki: na kaza yana kai wa digiri 41, cikin hancin mutum kuwa bai wuce 33 ba, ƙwayar da ta saba da zafi ba ta hayayyafa sosai a wannan sanyi. Wannan ya bayyana abubuwa uku a lokaci guda. Sai mutum ya shaƙi ƙwayar da yawa kafin ta isa inda za ta kama. Idan ta isa, ciwon huhu mai tsanani take kawowa, domin a can ƙasa ta sauka. Kuma da yake ba a hanci take zaune ba, atishawar mara lafiya ba ta cika watsa ta ga na kusa da shi ba. An ga lokutan da ta tsallaka tsakanin ƴan gida ɗaya, mafi shahara shi ne na wani dangi a arewacin tsibirin Sumatara na Indonesiya a 2006, inda mutum 8 suka kamu, 7 suka rasu, amma a nan ta tsaya, ba ta fita gari ba.

Abin da ke hana masana barci shi ne wannan shinge ba na dutse ba ne. Ƙwayar mura tana yin kuskure wajen kwafar kanta duk lokacin da ta hayayyafa, kuma idan ta daɗe a jikin dabba mai shayarwa, kuskuren da ya dace da irin wannan jiki shi ke rinjaye. A 2012 ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a Holan ɗaya a Amurka, sun wallafa gwajin da ya nuna cewa sauye-sauye ƙalilan sun isa su sa H5 ta yaɗu ta iska tsakanin wasu ƙananan dabbobi dangin tunku waɗanda mura ke kama su yadda take kama mutum. Hanya ta biyu ta fi wannan sauri. Kayan gadon ƙwayar mura gutsure takwas ne, ba dunƙule guda ba, saboda haka idan iri biyu suka shiga jiki ɗaya a lokaci ɗaya, sukan yi musayar gutsattsarin, kamar yadda garin wadda ta riga ki niƙa yakan biyo naki a injin niƙa. Abin da zai fito yana iya ɗaukar sabon ɓawo daga ta tsuntsu, ya ɗauki iya yaɗuwa daga ta mutum. Ta haka aka sami annobar 1957 da ta 1968, kowacce ta kashe mutum miliyan guda ko fiye, ta 2009 kuma da ta taso daga Meksiko haɗin gambiza ce ta murar alade da ta tsuntsu da ta mutum. Ta 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50, ita ma kayan gadonta sun yi kama da na tsuntsaye. An fi ambaton alade a matsayin wurin wannan haɗuwa domin jikinsa yana karɓar iri biyun, kuma wasu a nan sukan ce tunda ba mu kiwon alade abin bai shafe mu ba. Ban yarda da wannan ba. Jikin mutum ma yana iya zama mahaɗar, kuma a ƙasarmu lokacin da mura ta fi kama mutane, wato watannin sanyi da hazo, shi ne dai lokacin da kaji suka fi mutuwa.

Labarin shanun da kika ji gaskiya ne. Tun wajen 2020 wani sabon reshe na H5N1 ya bazu a duniya ta fikafikan tsuntsayen daji fiye da yadda aka taɓa gani. A watan Janairu na 2021 ya kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun tsuntsaye na Juj a arewacin Senegal, a 2022 ya shiga wata gonar da ake kiwon dabbobi don gashinsu a Sifaniya, a 2023 ya karkashe dubban dabbobin teku a gaɓar Peru da Cile da Ajantina. A watan Maris na 2024 aka same shi a shanun tatsa a jihar Teksas, abin da babu wanda ya zata, kuma ya yaɗu zuwa garke fiye da 1,000. A hantsar saniya yake zama, madara ta yi kauri ta koma rawaya, ya cika ta maƙil, har kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a gonakin suka mutu. Cikin shekara guda mutum kimanin 70 suka kamu a Amurka, yawancinsu masu tatsa da ma'aikatan gonar kaji, kuma mafi yawansu jan ido da ɗan zazzaɓi kawai suka yi. Wanda ya fara rasuwa, a jihar Luwiziyana a watan Janairu na 2025, dattijo ne da ya kamu daga tsuntsayen bayan gidansa. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai aiki a ƙasar makiyaya shi ne an same ta a ƴan awaki a jihar Minesota a 2024, da kuma wata tunkiya a Ingila a 2025, duka a gidajen da kaji ko agwagi suka riga suka kamu. A gidajenmu akuya da kaza kwano ɗaya suke shan ruwa.

Ba kowace murar dabba ce ke neman mutum ba. Mutanen Adar ba su manta da murar da ta karkashe dubban jakuna a 2019 ba, amma ba ta koma kan masu jakunan ba. Akwai kuma akasin haka, wadda ba ta nuna kanta a jikin kaza: H7N9 da ta ɓulla a Sin a 2013 ta kama mutum sama da 1,500, ta kashe fiye da 600, alhali kajin da ke kasuwa lafiyarsu lau a ido, sai da aka yi wa kaji rigakafi a 2017 ta lafa. H9N2 ma, wadda ke yawo a kajin Afirka ta Yamma, an same ta a jikin yaro a Senegal a 2019 da wani a Gana a 2024.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi so ki riƙe, domin ba daga Teksas hatsarin gidanki zai zo ba. Mun saba da mutuwar kaji a lokacin sanyi, kuma mafi yawanta cutar Niyukasil ce, wadda take da allurar rigakafi kuma ba ta yi wa mutum illa in ban da ɗan jan ido. Matsalar ita ce ido ba ya iya bambanta ta da murar tsuntsaye. Dukansu biyu suna sa kaza ta takure, ta saki fikafikai, ta yi zawo, wuya ya murɗe, zanko ya yi baƙi, fuska ta kumbura, a wayi gari a tarar da gawarwaki. Ni kaina ba na yanke hukunci sai an ɗauki samfuri an kai Labocel, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Yamai. To, da yake mun saba, mun kuma saba da abin da ake yi: da an ga kaza ta fara layi sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Yaro ne zai bi ta ya kamo ta, ya rungume ta a ƙirjinsa. Namiji zai taka fikafikanta ya yanka, ta yi ta shure-shure tana tayar da ƙura da jini. Sannan a miƙa wa mace, ta zauna a kan kujera ta sunkuyar da fuska a kan roba, tana figa, gashi yana tashi, ta farka ciki ta ciro hanji da hannu, ta share gumi da bayan hannun, ta watsa ruwan a tsakar gida, a jefa wa kyanwa kayan cikin. A cikin wannan rabin sa'a aka bi duk hanyoyin da aka san cutar tana bi ta shiga mutum. Hukuncin halaccin naman na malamai ne, ba nawa ba. Abin da na sani shi ne wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta, wuta ce ke kashe ta, kuma kafin naman ya kai ga wuta ya riga ya bi ta hannun mutum uku.

Saboda haka ba sai kin daina cin kaza da ƙwai ba. Zafin da ya kai digiri 70 har tsakiyar nama yana kashe ƙwayar, dahuwarmu ta miya kuwa ta wuce haka nesa. A tabbata dai babu sauran ja a jikin ƙashi, ƙwai kuma gwaiduwarsa ta daskare, a daina ba yara ɗanye da sunan magani. Madara a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita, wannan kuwa ko babu murar tsuntsaye wajibi ne saboda bakkale da tarin fuka. Kazar da ta kwanta ciwo ko ta mutu da kanta ita ce ba a ci, ba a sayarwa, ba a bayarwa sadaka.

Batun sayarwar ya fi ci mini rai. Idan mutuwa ta shiga akurki, mai kaji yakan kwashe sauran ya kai kasuwa ya karyar da su kafin su bi sahu, dillali ya zuba su a keji ɗaya da na wasu garuruwa, wadda ba a saya ba ta koma wani ƙauyen da yamma. Tsuntsayen da ke sauka a tafkin Tabalak ko na Dan Dutsi daga Turai suna iya kawo cutar, amma daga nan mu ne muke yi mata jigila, a kan babur, a kwalayen ƙwai da ake maimaitawa, a ƴan tsakin da ke shigowa ta Ƙonni ba takarda, da buhunan kashin kaji da ake kai wa garaken albasa. Ba na zargin matar da ta sayar da kajinta, domin kajin nan su ne asusunta, da su take sayen sabulu da maganin yaro. Muddin ta san cewa faɗa wa hukuma yana nufin a kashe mata sauran a bar ta hannu rabbana, ɓoyewa za ta yi, kuma kowa a matsayinta haka zai yi. Diyya mai isa, da ake biya da wuri, ita ce rigakafin mutane mafi araha da gwamnati za ta iya saye, kuma ina ganin a nan ya kamata kuɗin yaƙi da wannan cuta su fara sauka. Jiharmu ta riga ta ɗanɗana irin wannan jinkiri a 2016, lokacin da zazzaɓin Rift, ciwon dabbobi mai kama mutane, ya kashe mutum sama da 30 a yankin Cintabaraden da Tasara: dabbobi ne suka fara ɓari da mutuwa, amma sai da mutane suka fara faɗuwa aka gane abin da ake ciki.

Ga abin da za ki yi idan kaji biyu ko uku suka mutu miki a rana ɗaya. Ki rufe sauran a inda suke, kada ko ɗaya ta fita, ki hana yara zuwa wurin, ki aika a gaya wa ma'aikacin kiwo na gundumarku ko mai gari. Babba ne zai ɗauke gawar, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya sa hannunsa a leda, ya binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, ba a jefa ta a bola ko a bayan katanga ba. Kafin a share akurki a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a wanke kwanuka da takalma da sabulu sannan da ruwan jabel. Kafso da ake fasawa a ruwan shansu ba ya taɓa wannan ƙwaya, asarar kuɗi ce kawai. Ko a lokacin lafiya ma, ki raba makwancin agwagi da na kaji, domin agwagwa tana iya ɗaukar cutar tana yawonta, ki ware sabuwar kazar da kika sayo na mako biyu, ki kuma daina barin ƴan tsaki suna kwana a ɗakin da yara ke kwana saboda sanyi. Ki yi wa kajinki rigakafin Niyukasil kafin sanyi ya shigo, domin idan kajin da aka yi wa allura suka fara zubewa, wannan kansa alama ce da za ta sa a yi saurin zargin murar tsuntsaye.

Wanda ya taɓa kajin kuma a sa masa ido na kwana goma. Idan ya yi zazzaɓi, ko tari, ko jan ido, ko numfashi ya fara yi masa wuya, a kai shi likita a ranar, kuma a faɗa wa malamin asibiti da baki cewa kaji sun mutu a gidan. Wannan jimla guda tana da muhimmanci ƙwarai, domin a wurinmu duk zazzaɓi na cizon sauro ne sai an tabbatar da akasin haka, kuma idan ba a faɗa ba za a ba shi maganinsa a sallame shi. Akwai maganin da ke aiki a kan wannan ƙwaya, sunansa oseltamivir, amma amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin kwana biyun farko, kuma cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana iya gwada samfurin da aka ɗauko daga hanci ko maƙogwaro. Allurar murar shekara-shekara ba ta kare mutum daga H5N1, sai dai tana rage yiwuwar iri biyun su haɗu a jiki ɗaya.

Game da kajin maƙwabtanki, tunda sun riga sun mutu, ki tambaye su inda aka zubar da gawarwakin da kuma ko akwai wanda ya yi rashin lafiya a gidan, ki roƙe su kada su zuba sababbi sai an wanke akurkin an bar shi babu komai na aƙalla mako uku. Naki kuma ki tsare su a cikin gida tsawon wannan lokaci, kada su fita kiwo a lungu.